Bayani a kan Wanda Ya Tara Ɗalibai Bai Auna Tukunyarsa Ba

Ina farawa da sunan Allah, ina gode masa bisa ni'imominsa, ina salati da sallama ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya kai mai duba wannan takarda, Allah ya datar da ni da kai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan sha'anin jami'a, alhali ban taɓa zama a kan kujerarta ba, wata tambaya ce da aka kawo mini zaure bayan sallar la'asar, a ƙarshen kaka. Wani maƙwabcina manomi, wanda zan sakaya sunansa don rufin asirinsa, ya shigo da ɗansa, suka gaishe ni, suka zauna a bakin tabarma. Uban ya ce, "Allah gafarta malam, yaron nan shekararsa biyu yana karatun noma a jami'a, ga shi kuɗin makaranta ya fi ƙarfina. Shanun huɗa biyu gare ni. Ko dai in sayar da ɗaya, ko ya karɓi rancen nan na gwamnati, ko kuwa ya dawo gida mu kama noman rani. Mun zo ka faɗa mana wanne ne babu laifi a cikinsa."

Na ba su amsa, za ka ji ta a gaba. Amma bayan sun tashi sai na ga tambayar ta fi ƙarfin gida ɗaya, domin daga Bebeji har Kiru, daga Tudun Wada har Doguwa, da wuya ka sami unguwar da babu uba mai kwana da irin wannan lissafi. Na kuma ga cewa a ƙarƙashinta akwai wata mas'ala wadda ba a cika kawo wa malamai ba, ita ce: shin ya halatta ga mutum, ko ga hukuma, ya buɗe ƙofa ya kira ɗalibai su shigo, alhali ya san ba shi da abin ciyar da su, ba shi kuma da malaman da za su saurari karatunsu?

Na tafi birnin Zariya neman nahawu da lugga ina ɗan shekara goma sha bakwai, na sauka a zauren wani malami, Allah ya jiƙansa. Tsarin karatun zaure, ga wanda bai san shi ba, shi ne kowane ɗalibi da littafinsa da inda ya tsaya. Mai Ahalari ya matso ya ja baƙi, malam ya fassara, ya gyara masa harshe, ya koma gefe. Mai Iziyya ya matso, mai Risala ya matso, manya masu Muhtasar su jira hantsi. Babu wanda zai wuce layi ɗaya ba a ji shi daga bakinsa ba. Wata rana wani baƙo ya zo daga ƙasar Katsina da gafakarsa yana neman zama. Malam ya sa aka ba shi ruwa da fura, ya kwana uku, sa'an nan ya haɗa shi da ɗan rakiya zuwa zauren wani malami a wata unguwa. Mu yara muka ga abin kamar rowa. Da wani babba daga cikinmu ya tambaye shi, sai ya ce akusan da ke shigowa zauren nan daga gidajen unguwa ya san adadinsu, sa'o'in da ke tsakanin asuba da azahar ma ya san adadinsu, in ya ƙara mutum ɗaya to a akushin wani zai ci, a lokacin wani kuma zai yi karatu. Ka lura, ya ɗan'uwa, bai kori baƙon ba, bai kuwa yaudare shi ba. Ya nema masa wurin da akwai tuwo da kunne.

Wannan ɗabi'a ba shi ya ƙage ta ba. An ruwaito cewa Abu Yusuf ɗan talakawa ne, iyayensa suna so ya bar majalisar Imamu Abu Hanifa ya je neman abinci. Da imamin ya lura da rashin zuwansa ya san dalili, sai ya ba shi jakar dirhami, ya ci gaba da ba shi duk lokacin da ta ƙare, har ya zama alƙalin alƙalai a zamanin Harunar Rashid. Makarantar Mustansiriyya da aka buɗe a Bagadaza a shekara ta 631 ta Hijira an yanka mata ɗalibai 62 ga kowace mazhaba daga cikin huɗu, jimla 248, ana ba su gurasa da nama da kuɗin wata, ga likita, duka daga waƙafin da halifa ya tsayar. An fara auna dukiyar, sa'an nan aka yanka adadin. Mutanen Kanem, maƙwabtanmu na gabas, a cikin shekarun 640 na Hijira suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibnu Rashiƙ a Misira, domin mutanensu su sami masauki da karatu, suka kuma dinga aika mata da kuɗi. Su a wurinsu aika ɗalibi da aika guzurinsa abu ɗaya ne.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Kafin in juya ga 'yan boko wajibi ne in faɗi namu. Akwai daga cikinmu, masu allo da tawada, wanda ke tara yara ɗari ko fiye, ba gona, ba rumbu, ba mataimaki, ya sake su kan titi da robobi, ya kira wannan tsangaya. Yawan yaran shi ne girmansa a idon mutane, cikinsu kuwa ya bar wa masu wucewa. Duk abin da zan faɗa a kan jami'a ya hau kansa tun kafin ya hau kan kowa.

Fasali a kan yadda adadi ya rinjayi tukunya

Jami'ar farko a ƙasar nan, ta Ibadan, ta fara a 1948 da ɗalibai 104. Ta Ahmadu Bello a Zariya an buɗe ta a 1962. Kwalejin Abdullahi Bayero a Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, da ɗalibai goma ta fara karatun digiri a 1964. A wancan zamani ɗalibi yana da gado, yana da abinci sau uku a ɗakin cin abinci a kan kuɗi kaɗan, jiharsa kuma tana ba shi tallafi. Ina Zariya a watan Afrilun 1978 lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙara kuɗin abinci da na kwana, ɗalibai suka tashi a duk ƙasa suna neman a cire kwamishinan ilimi, Kanar Ahmadu Ali. Aka harbe ɗalibi a Legas, aka harbe wasu a Samaru, aka haramta ƙungiyarsu. Mu almajiran cikin birni muka yi ta mamaki, muna cewa ashe masu kwana a kan katifa ma suna mutuwa a kan abinci. Sai da na girma na gane abin da suka hango. Ba a kai ƙarshen shekarun 1980 ba sai da gwamnati ta janye hannunta daga ciyarwa baki ɗaya, tukunyar jami'a ta sauka daga murhu, ba ta sake hawa ba.

Tukunya ta sauka, ƙofa kuwa sai ƙara faɗi take yi. A jihar Kano aka buɗe ta Wudil a 2001, aka buɗe Northwest a 2012, masu zaman kansu suka biyo baya, har a nan kudu aka sami Al-Istiqama a Sumaila a 2021. Hukumar JAMB da aka kafa a 1978 don tace masu shiga, a 2025 yara fiye da miliyan 1.9 suka zauna jarrabawarta. Wannan ƙishirwa abin farin ciki ce, kada ka ji na ce wani abu ka zaci ina baƙin ciki da ita. Na san lokacin da ake ɓoye yara a rumbu in an zo ɗaukar 'yan makaranta. Yau uba ne ke tunanin sayar da sa.

Sai dai dubi abin da kwamitin da gwamnatin tarayya ta naɗa a 2012, ƙarƙashin Farfesa Mahmud Yakubu, ya gani da ya zaga jami'o'in gwamnati. Ya tarar malaman da ke da digirin dakta ba su kai rabi ba. Ya tarar da ɗalibai suna ɗaukar lacca a tsaye da a ƙasa, ya tarar da ɗakunan gwaje-gwaje inda ake kunna risho na kananzir a madadin fitilar gas ta gwaji. Malaman jami'a suka yi yajin aiki wata tara a 2020, suka yi na wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Sa'an nan a watan Agustan 2025 majalisar zartarwa ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya har shekara bakwai, ministan ilimi Tunji Alausa ya ce akwai jami'o'i 199 da masu neman shiga kowacce ba su kai ɗari ba, 34 daga ciki babu ko mutum ɗaya. Ka ga abin al'ajabi: wani zaure ya cika har ana leƙe ta taga, wani kuwa an gina shi an shimfiɗa tabarmi babu mai zama. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Wasu an gina su don mai kuɗi, talaka ba ya iya taka ƙofarsu. Wasu an gina su don a ce wane ya kawo wa mazaɓarsa jami'a, aka manta cewa tubali ba ya karantarwa.

Fasali a kan bincike, kuma nan ne zan daɗe

Na tambayi yaron maƙwabcina yadda karatunsu yake. Ya ce, "Allah gafarta malam, a shekarar farko akwai darasin da muka haura ɗari huɗu a ɗaki ɗaya. In ban je da wuri ba a bakin taga nake tsayawa. Malamin bai san sunana ba, lambata ya sani." Na ce to gwajin ƙasa da na iri fa? Ya ce an zana musu na'urar a allo, an gaya musu yadda take aiki. Na ce yaya yayyenku ke rubuta kundin binciken da ake nema a shekarar ƙarshe? Ya yi shiru, ya dubi ubansa, sa'an nan ya ce akwai shaguna a bakin ƙofa, ka faɗi taken ka biya, su ciro na wani daga kwamfuta su sauya suna da sunan gari. Ba zan ambaci makarantar ba, domin daga baki ɗaya na ji, kuma akwai malamai a cikinta masu tsoron Allah waɗanda ba su yarda da haka ba.

Ya ɗan'uwa, abin da 'yan boko ke kira bincike shi ne abin da malamanmu ke kira tahƙiƙi, watau kada ka karɓi magana sai ka bi ta har tushenta, ka gwada ta, ka ga inda ta tsaya da inda ta faɗi. Tahƙiƙi yana bukatar abu biyu waɗanda cunkoso da yunwa ke cinyewa: natsuwar ɗalibi da lokacin malami. Yaron da ya karya da ruwa, yana lissafin kuɗin mota, yana fita tuƙa babur ɗin haya da yamma, ina zai sami zuciyar da zai zauna wata uku yana auna tsiron masara? Malamin da aka jibge wa takardun jarrabawa ɗaruruwa, aka ba shi masu kundi goma sha wani abu ya duba, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata har yana bin wasu jami'o'i yana koyarwar haya, yaushe zai karanta kundin yaro layi bayan layi? Sa'an nan a ce masa ba za a ƙara masa girma ba sai ya kawo adadi kaza na maƙalu, sai ya nemi mujallar da ke buga duk abin da aka biya ta. Adadi ya haifi adadi. Aka ƙidaya ɗalibai, aka ƙidaya maƙalu, aka ƙidaya jami'o'i, aka bar tambayar me aka gano.

A nan ne mas'alar ta zama ta halal da haram. Dubi sunan da Bahaushe ya ba takardar da ake bayarwa a ƙarshen karatu: takardar shaida. Masu sa hannu a kanta suna shaida ne ga duk wanda zai gan ta, cewa wannan mutum mun ji shi, mun gwada shi, ya iya abin da aka rubuta. Sharaɗin shaida kuwa sani. Malamanmu ba sa ba da ijaza ga wanda bai durƙusa a gabansu ba, in kuwa sun bayar ta tabarruki ce sai su bayyana haka, don kada a ruɗi mutane. Wanda ya sa hannu ga wanda bai taɓa jin muryarsa ba, a kan kundin da bai karanta ba, me za mu kira shaidarsa? Ba na gaggawar ɗora wa malamin dukkan nauyin, domin an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma wanda ya tara jama'ar ya hana kayan aiki ya fi shi kaso. Amma takardar dai ta fita, mai ita zai tsaya a kan mara lafiya, ko ya gina gada, ko ya gaya wa manomi maganin da zai fesa.

Kada ka ce wannan damuwar mutanen birni ce. Mu ne muka fi kowa bukatar bincike. Ina yaro aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, a nan ƙasar Bebeji. Ruwanta ne ke bin magudanai zuwa Kadawa da Kura, shi ya mayar da rani damina. Masu ilimin auna ƙasa da ruwa ne suka yi wannan, ba a yi shi da ka ba. A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonakin Arewa, dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake tashi ba. Masu bincike na Samaru, cibiyar da ta samo asali tun 1922, su da abokan aikinsu suka yi shekaru suna haɗa iri suna gwadawa har aka sami gyaɗa mai jure cutar. Irin masara da dawa da wake da yawa da ke hannun manomanmu daga can suka fito, ko manomi ya san sunansu ko bai sani ba. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta faɗa wa tumatir, ta share gonaki cikin 'yan kwanaki, har masana'antar tumatir ta Kadawa ta tsaya don rashin abin niƙawa. Ga wuta-wuta tana nan tana shanye dawa da masara tun daga saiwa. Wa zai zauna a kan waɗannan? Baƙo daga Ingila ko Amurka zai zo ya yi wata biyu ya koma. Wanda zai zauna shi ne ɗan wannan ƙasa, irin yaron da ke tsaye a bakin taga. In ya fito da takarda babu sani, to mu ne muka yi asara kafin shi.

Idan mai cewa ya ce: "Malam, ashe maganarka ita ce a rage ɗalibai, a koma kamar da, 'yan kaɗan su ci su ƙoshi?" Sai in ce masa, wannan ita ce tambayar da ta fi ba ni wahala, kuma ba na amsa ta da sauƙi. Na san wanda za a fara zubarwa in aka ƙuntata ƙofa. Ba ɗan attajirin Kano ba ne, wanda ya yi makarantar kuɗi aka ɗaukar masa malami a gida. Ɗan Riruwai ne, da ɗiyar Kofa, waɗanda suka yi sakandare ba malamin lissafi. Zamanin abinci sau uku da ake yabo, mutum nawa daga ƙauyukanmu suka ci shi? Saboda haka ba na kira a rufe ƙofa. Abin da nake cewa shi ne abin da malaminmu na Zariya ya yi: kowane zaure ya faɗi gaskiyar adadin da zai iya ji, ya tsaya a kansa, wanda ya rage a nema masa wani wuri mai tuwo da kunne, ko kwalejin noma, ko ta malanta, ko ta sana'a, ba tare da an wulaƙanta waɗannan ba. In kuwa al'umma tana son a ƙara adadi, hakan ya fi, amma sai ta fara da ƙara murhu da ƙara malami. Ƙarin adadi kafin wannan algus ne, kamar mai ƙara wa nono ruwa don ƙwarya ta cika. Kowa ya samu, babu wanda ya sha nono.

Fasali a kan rance

A 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi, jami'o'i da yawa suka ninka kuɗin rajista a wannan shekara. Gwamnatin Kano ta Abba Kabir Yusuf ta rage rabin kuɗin manyan makarantunta, ta kuma ware kimanin naira miliyan 700 don biya wa 'yan jihar 7,000 da ke Jami'ar Bayero. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar rancen ɗalibai a watan Yunin 2023, aka ga sharuɗɗanta sun yi tsauri, har da neman masu tsaya wa yaro daga manyan ma'aikata, waɗanda ɗan ƙauye ba shi da su. Aka sake ta a watan Afrilun 2024 aka cire wannan, asusun NELFUND ya buɗe ƙofa a watan Mayu. Tsarin da aka fara da shi shi ne a biya kuɗin makaranta kai tsaye ga makaranta, a ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, ya fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire ushirin albashinsa.

Hukuncinsa a wurina a fili yake. Rance ne wanda ba a sharɗanta ƙari a cikinsa ba, an kuma jinkirta wa wanda bai sami aiki ba, to karɓarsa halal ne ga mai bukata da ya ƙulla niyyar biya. Ina jaddada niyyar, domin na ji yara suna cewa kuɗin gwamnati ne, rabonsu ne. Wannan magana ita ta kashe hukumar rancen ɗalibai da aka kafa a 1972 zamanin Janar Gowon: aka karɓa, ba a mayar ba, ta durƙushe, 'yan baya suka tarar da rijiya busasshiya. Wanda ya ci da niyyar ƙin biya, ƙanensa ya cuta.

Amma halaccin karɓa daban, sauke nauyi daban. Naira 20,000 in ka raba ta kwana talatin ba ta kai 700 a yini ba, kai ka san abin da wannan ke saya. Kuma rance yana biyan kuɗin shiga ne, ba ya sayen na'urar gwaji, ba ya ƙara malami, ba ya rage cunkoso, watakila ma ya ƙara shi. Sai yaro ya ci bashi ya sayi tsayuwa a bakin taga. Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne asalin wajibcin. Malamai sun tabbatar cewa sanin likitanci da noma da lissafi da duk abin da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da shi faralu kifaya ne, in wasu sun tsaya da shi ya faɗi daga kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. To yaron da ya tafi koyon cutar masara, nauyin gari ya ɗauka. Yaya za a ce wanda ya ɗauke mana farilla shi kaɗai zai ɗauki bashinta, mu da za mu ci amfanin muna zaune? Kyautar masu mulki da 'yan siyasa, a gode musu, amma ruwan sama ce, tana zuwa da lokacinta, sau da yawa kusa da zaɓe, wani gwamna ya tura ɗalibai waje wani ya zo ya bar su da bashin makaranta. Waƙafi kuwa rijiya ce. Attajiranmu sun iya gina masallaci kusa da masallaci, ban cika ganin wanda ya tsayar da gona ko rumfunan kasuwa ya ce amfaninsu na ɗaliban garin nan ne har abada ba.

Ga abin da na ce wa maƙwabcina. Na ce kada ya sayar da san, domin wanda ya sayar da ɗaya cikin biyu garmar ya sayar, kuma yaran da ke gida suna da haƙƙi kamar na jami'a. Na ce yaron ya karɓi rancen, ya rubuta adadinsa a takarda a ajiye a gida, uban ya san da shi, don ko ta Allah ta kasance a san akwai bashi. Na ce wa yaron, "Ɗana, sharaɗina ɗaya ne. Ranar da aka ce ka rubuta kundi, kada ka taka shagon nan na bakin ƙofa. Ka zaɓi abin da ke damun gonar ubanka, ka auna da hannunka, ko da abin da ka gano bai fi shafi goma ba. In ka gama ka kawo nan zaure ka karanta mana da Hausa, manoma suna zaune, su tambaye ka." Ya ce, "To, Allah gafarta malam, amma gwajin ƙasa sai an biya a wani wuri, rancen ba zai kai ba."

Ranar Juma'a bayan an sallame na tsayar da dattawan unguwa na gaya musu wannan. Na ce ɗalibi matalauci yana cin zakka da talaucinsa kamar kowane matalauci, kuma a mazhabarmu ikon yin sana'a ba ya hana a ba shi. Na ce bayan zakka, kowane gida mai hali ya ware dami ɗaya ko kwano goma na masara a kaka, a tara a hannun amintattu biyu, a rubuta, a riƙa aika wa 'ya'yan unguwa da ke manyan makarantu, maza da mata, a fara da wanda ya fi bukata. Wani dattijo ya ce shi ɗansa bai yi boko ba, don me zai ciyar da ɗan wani? Na tambaye shi irin masarar da ya shuka bana daga ina ya fito. Gida tara suka amsa, shi bai amsa ba tukuna. Buhu biyu da rabi aka tara, aka sayar da rabin buhun don kuɗin gwajin ƙasa, yaron kuwa ya zo ranar Asabar ya haƙa ƙasa daga kusurwa huɗu na gonar ubansa da ke wajen Tiga, inda wuta-wuta ta fi yawa, ya ƙulla a leda ya tafi da ita.